Hoton Hajiya da Rana a Bayanta

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. Idan tana nemana sai ta ce wa wanda ke kusa ya kira mata wancan. Idan na shigo gaishe ta, bango take amsa wa, ko carbin da ke hannunta. Ana yaye ni aka kai ni Gawuna wajen kakata ta wajen uba, kamar yadda aka saba yi wa 'ya'yan fari, ban dawo gidanmu na Nassarawa GRA ba sai da zan shiga sakandare. Na tarar ƙannena suna kiranta Umma, suna hawa cinyarta, har musu suke yi da ita. Ni Hajiya nake ce mata, kamar baƙon da ya zo wajen Alhaji, mahaifinmu.

Kada a ɗauka mace ce da ba ta ga duniya ba. Ta shugabanci makarantar 'yan mata har ta yi ritaya, ita take tuƙa motarta, kuma na sha jin yadda take tsare manyan ma'aikatar ilimi da ido har sai sun yi mata abin da ta zo nema. Idon nan da ke sa darakta gumi, ni kaɗai ne bai taɓa sauka a kaina ba. Dangi suna yaba mata a kan haka, sukan ce duk bokon da ta yi bai cire mata kara ba, ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta matan da. Ni ma a gaban mutane nakan gyaɗa kai. Na san tana sona. Tsokar da ta fi girma a miya ni ake aiko wa, kuma lokacin da na yi hatsarin mota an ce ba ta sa abin kirki a bakinta ba sai da aka sallame ni, ko da yake ba ta taka asibitin ba. Amma nama ana iya aikowa, kallo kuwa ba a ba wani ya kawo maka. Na haura hamsin abin yana ci mini rai, ban kuma taɓa faɗa wa kowa ba, don magidanci ba ya zama cikin mutane ya ce yana so uwarsa ta dube shi.

Bayan rasuwar Alhaji ne idonta ya fara. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Na hagu ya riga ya tafi ba ta gaya wa kowa ba. Na dama yana ta tsukewa daga gefe, abin da ya rage mata kamar mai leƙe ta bakin bututu. Aka sa ranar aiki wajen ƙarshen damina. Likitan bai ɓoye mana ba: aikin zai iya tsayar da ciwon, zai kuma iya tafiya da ɗan abin da ya rage. Ƙanwata, autarmu, wadda take zaune da ita a gidan, ta yi ta kuka a mota. Ni kuwa ba tausayin Hajiya kaɗai ne ya cika mini zuciya ba. Na ga idan aka shiga da ita ɗakin tiyata aka fito babu, magana ta ƙare: za ta gama rayuwarta ba ta kalle ni ba, ni ma ba zan taɓa sanin yadda idonta yake ba idan ni yake kallo.

Hotunanta ba su yi mini ƙaranci ba. Wayar Auta cike take da su, tana dariya, tana kallon gaba sosai, amma Auta take kallo. Duk wanda na ɗauka da tawa wayar, a sallah ko a suna, gefen fuska ne da bakin mayafi. Waya a saitin ido ake riƙe ta, kuma da na ɗaga hannu take sunkuyar da kai.

Aikina koyar da kimiyya ne, abin da kuma nake ɓata lokaci da shi a gida shi ne kwance tsofaffin gilasan kyamara, in goge, in mayar. Don haka da aka zo raba kayan ɗakin Alhaji babu wanda ya yi gardama da ni a kan kyamararsa. Wani baƙin akwati ne mai nauyi, ya girme ni, ya ma girmi auren iyayena, domin Alhaji a hannu ya saye shi tun yana ƙaramin akawu. Idanu biyu ne da shi, ɗaya a kan ɗaya. Na sama na kallo ne: haske ya shiga, ya bugi wani karkataccen madubi, ya hau sama ya kwanta a kan gilashi mai dishi-dishi da ke saman akwatin. Na ƙasa shi ne yake ɗaukar hoto. Ba a kai wannan kyamara fuska. Rataye ta ake yi a wuya ta sauka daidai cibiya, mai ɗauka ya sunkuyar da kai yana duban cikinta, kamar mai leƙa tukunya.

Wata rana ina duba tsofaffin hotunan da Alhaji ya ɗauka da ita sai na lura da wani abu da na sha gani ban kula ba. Kowa a cikinsu gaba yake kallo. Kukunmu, wani dattijo mutumin Jigawa da ko magana ba ya yi da Alhaji a tsaye, ga shi ya tsura wa kyamara ido. Amaren ƙannen Alhaji, waɗanda in ya shigo sukan rufe fuska, ga idanunsu tar. Na daɗe ina juya hotunan kafin na gane. Ba kyamarar suke kallo ba. Mutumin da ya sunkuyar musu da kai suke kallo, sun samu dama tunda shi ba ya kallonsu, sun manta cewa yana ganinsu a cikin gilashin. Na ajiye hotunan.

Sai dai kyamarar ta sha ajiya. Da na haska idon ƙasa da tocila na ga fumfuna ta yi saƙa a ciki kamar gidan gizo-gizo. Gilasai huɗu ne a cikin wannan ido: biyu a gaba, kowanne zaman kansa, sai ƙofar haske, wasu siraran ganyayyakin ƙarfe da ke tsukewa su buɗe, sai kuma biyu a baya da aka manna su wuri ɗaya da wani irin ƙaro. Tsari ne mai sauƙi, amma waɗanda suka zana shi sun san aikinsu. Idan ka ɗan tsuke ƙofar, tsakiyar hoto takan fito da kaifi har ka ƙirga zaren mayafi, gefe kuma ya yi laushi a hankali, fatar mutum ta fito kamar fata, ba kamar robar da wayoyi ke mayar da mu ba. Idan ka buɗe ta gaba ɗaya kuwa komai sai ya ɗan narke. Babban rauninsa ɗaya ne. An yi shi kafin a fara yi wa gilasai siririn shafin nan mai ƙyallin shuɗi da ke hana haske dawowa baya. Kowace fuskar gilashi tsirara take, kowacce kuma tana mayar da wani ɓangare na hasken da ya buge ta. In ka fuskantar da shi ga rana, hasken sai ya yi ta kai-komo tsakanin gilasan, ya zubo wa fim kamar farin hayaƙi, ya shafe komai. Shi ya sa Alhaji yake da doka ɗaya da duk gidan ya haddace saboda yawan jin ta: rana a bayan mai ɗauka take.

Na kwance idon a kan teburin cin abinci, na hana kowa zuwa kusa. Gilasan gaba sun gogu tas. Na bayan kuwa ƙaron da ya haɗa su ya fara yin rawaya yana sakewa daga gefe, kuma wannan ba abin da auduga za ta yi masa. Maganinsa kawai kada a buɗe ƙofar haske sosai, a bar hasken ya bi ta tsakiya inda gilashin yake da lafiya. Wato ina bukatar rana mai kyau. Wajen mayarwa wani siririn zoben tagulla da ke tsakanin gilasai ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin kabad, na yi ta rarrafe ina masifa ni kaɗai har na same shi. In babu shi, abin da idon sama ya nuna maka a daidai ba shi idon ƙasa zai ɗauka a daidai ba. Na buɗe bayan kyamarar, na shimfiɗa takarda mai shara-shara a gurbin fim, na auna sandunan ƙofar gida, na gwada ido biyun har suka yi baki ɗaya. Fim kuwa naɗi guda na samu, baƙi da fari, wani abokina ya aiko mini daga Legas ta tasha, kuma kwanan wata da ke jikinsa ya daɗe da wucewa. Ba ni da na gwaji. Na sa shi a firji kusa da kullun ƙosai, na yi wa mutanen gidana kashedi.

Saura yardar Hajiya, kuma wannan ta hannun Auta za ta bi, kamar duk wata magana tsakanina da ita. Ban gaya wa Auta dalilin ba. Na ce kawai na gyara kyamarar Alhaji, ina so hoton farko ya zama na Hajiya. Amsar ta daɗe ba ta zo ba. Kullum na kira sai Auta ta ce ta faɗa mata, in ƙara jira. Ranar aiki tana matsowa, ni ina ƙara zama abin gudu a gida da makaranta. Sai ana saura kwana kaɗan Auta ta kira ta ce Umma ta yarda, tunda kayan Alhaji ne, amma ranar jajibirin kwanciya asibiti, bayan la'asar, kuma guda ɗaya tak, don ita ba amarya ba ce da za a yi ta juya ta.

Na iso tun azahar na tarar da motoci jere a ƙofar gida har gindin darbejiyar maƙwabta. 'Yan dubiya ne. Falo ya cika, kowa da addu'arsa, kowa kuma da labarin wata tsohuwa da aka yi wa aikin ido yanzu har zare take zura wa allura. Mafi muni, Gwaggo ta zo daga Gama da jakarta, da niyyar kwana. Gwaggo yayar Alhaji ce, ita ce ta goya ni ta kai ni Gawuna ranar da aka yaye ni, kuma har gobe tana ba da wannan labari da alfahari. A gaban dangin miji ko amsa gaisuwata Hajiya ba ta yi da murya. Na durƙusa na gaishe su, Gwaggo ta amsa wa kanta ta amsa wa Hajiya.

Na fita bayan gida na shirya wuri. Filin bayan yana kallon yamma, babu abin da ya tare shi sai gajeriyar katanga. Na ajiye kujerar katako ta Alhaji tana fuskantar yamma, yadda rana za ta sauka a fuskarta, ni in tsaya ta bayana. Na sa fim a inuwa, na naɗa shi zuwa gurbin farko. Aka kira la'asar, muka yi salla, na dawo. Baƙi ba su ragu ba. In mota ɗaya ta tashi sai wata ta tsaya. Sai iska ta sauya, na waiga gabas na ga hadari ya haɗo, baƙi ƙirin, daga ƙasa har sama. Yamma tana nan da ranarta, garau, amma kowa a Kano ya san yadda hadarin ƙarshen damina yake gudu. Maigadi ya fara naɗe tabarmin salla, mai aiki tana kwashe shanya. Na yi ta zagaye kujerar ina duba sama. Na aika wa Auta saƙo ta waya har na gaji, amsarta ɗaya ce, in yi haƙuri.

Da baƙi na ƙarshe suka fita, Gwaggo ce ta riga kowa leƙowa bayan gida. Ta ga akwatin a wuyana ta gane shi, ta tambaya me za a yi da kayan marigayi. Na gaya mata. Ta dafa ƙirji.

"Hoto, ana gobe za a kai mutum asibiti? Sai ka ce ana sallama da shi. Kai wane irin yaro ne? Ka bari ta dawo mana."

Hajiya tana tsaye a bakin ƙofar kicin, hannunta a kafaɗar Auta, ta ji komai. Na ga ta tsaya cak. Raina ya ɓaci. Na ce wa Gwaggo Alhaji ma ya ɗauki hotonta ana gobe za ta tafi hajji, ga ta nan kuma ta dawo tana yi mana faɗa. Ban taɓa yi mata magana da wannan murya ba, ta kuwa buɗe baki za ta ba ni abin da na nema. Auta ce ta cece ni. Ta ce dambun da za a tafi da shi asibiti yana kan wuta, mai aiki za ta ɓata shi, kuma duk dangi babu mai hannun Gwaggo a dambu. Gwaggo ta harare ni, ta ce za ta dawo kaina, ta shige kicin.

Auta ta kawo Hajiya ta zaunar da ita, ta gyara mata mayafi. Ta so ta tsaya ta kalla, na yi mata alama da ido ta koma ta tsare Gwaggo. Na san muddin akwai mai kallo, kan Hajiya ba zai ɗago ba. Ta shiga ta jawo ƙofa. Ina jin wannan ne karo na farko da muka kasance mu biyu kaɗai, ni da matar da ta haife ni, ba kowa a tsakani.

Na tsaya a gabanta kamar tsawon tabarma, rana a bayana. Na buɗe murfin saman kyamarar na sunkuya, hulata ta zamo ta rufe mini gilashin, na cire ta na tura a aljihu. Ga ta nan a ciki, 'yar ƙarama, dama ta koma hagu kamar yadda madubin yake juya komai. Na murɗa saiti har zanen bakin mayafinta ya fito. Na tsuke ƙofar haske daidai inda idon ya fi kyau. Hannayenta take kallo. Na tsaya a sunkuye ban motsa ba. Wuyana ya fara ciwo, iska tana kaɗa rigata, ina jin tsawa daga nesa tana matsowa. Na yi wa kaina alkawari ko sama za ta faɗo ba zan ɗaga kai ba.

Sai ta ɗago. A hankali, kamar mai tsoron a kama ta.

Ban taɓa ganin abu mai kyau a cikin gilashi kamar wannan ba. Ranar yamma ta kwanta mata a fuska, kowane layi na goshinta ya fito, bangon gida da ke bayanta ya narke, baƙin hadari ya tsaya mata a baya kamar labule. Tsohon idon nan yana yin duk abin da aka ƙera shi don ya yi. Yatsana yana kan maɓalli. Amma da na ƙura wa idonta ido sai na ga yana ƙiftawa, ya tsuke, hawaye ya taru a gefensa. Yana yawo. Ya tsaya can gefena, wajen tankin ruwa, ya dawo, ya wuce ni, ya sake komawa. Nemana take yi. Likita ya gaya mana haske mai ƙarfi yana kashe mata ido gaba ɗaya, ni kuma da nake koya wa yara wannan darasi na dasa ta tana fuskantar rana, na tsaya a tsakiyar hasken. Abin da take gani fari ne fat, wataƙila da wani baƙin dogon abu a ciki. Da na danna a lokacin, da na samu hoton da ya fi duk wanda na taɓa ɗauka, kuma duk wanda ya gani zai rantse ni take kallo. Ni kaɗai zan san ba ta gan ni ba.

Idan ana so ta gan ni, dole rana ta sauka a kaina, ita ta ba ta baya. Wato in juya idon da ba shi da shafi ya kalli rana kai tsaye, tana ƙasa-ƙasa daidai kafaɗar Hajiya. Na san abin da zai biyo baya sarai. Babu mai tare mini hasken da faifai, domin in na kira Auta kan Hajiya ya sunkuya ke nan. Hoto ɗaya aka yi mini alkawari, hadari kuma ya riga ya ci rabin sama.

Ban taɓa ba ta umarni ba, ban ma san yadda ake yi ba. Na yi magana da ƙasa, kaina a sunkuye, na ce ranar ta yi yawa, da za a juya kujerar. Sai ta amsa wa bishiyar mangwaro da ke gefe:

"Ai rana a bayan mai ɗauka take. Hoton zai lalace."

"Ba komai," na ce.

Na ɗauka za ta kira Auta ta ce a mayar da ita ciki. Sai na ji ƙarar kujera, ta miƙe. Na zagaya na juya kujerar ina kallon ƙasa, ta laluba hannunta ta zauna. Na koma ɓangaren gabas. Rana ta doke ni a ka da ƙirji, hadari yana bayana ina jin sanyinsa a wuya.

Na sunkuya na duba gilashin. Fari ne kawai, kamar an watsa masa koko, da inuwar mutum a tsakiya. Fuskarta yanzu tana cikin duhu, tana bukatar ƙarin haske, dole na buɗe ƙofar gaba ɗaya, inda idon ya fi rauni, inda lalataccen ƙaron gefe zai shigo cikin aikin. Duk abin da na kwana biyu ina gudu na yi shi da hannuna. Na rasa inda zan yi saiti, sai da na hango ɗan ƙyallin ɗan kunnenta, na murɗa har ya tsuke ya zama ɗigo, na tsaya a nan.

Ta sake ɗagowa. Wannan karon kan bai yi yawo ba. Ya zo daidai inda nake ya tsaya. Ta cikin farin nan ina ganin fuskar tana motsi kaɗan-kaɗan, daga sama zuwa ƙasa, daga wannan gefe zuwa wancan, yadda mai ɗan ƙaramin gani yake bin abu sashe-sashe don ya haɗa shi. Ba ta yi sauri ba. Duk jikina yana cewa in ɗaga kai in gan ta ido da ido sau ɗaya, na kuma san da na ɗaga shi ke nan. Na danne. Gumi yana gangaro mini ta bayan kunne, na bar ta ta gama. Daga kicin ina jin muryar Gwaggo tana tambaya wai har yanzu ba a gama ba. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo a kan gilashin kallo, na biyu a bayan hannuna. Hasken ya fara ja baya. Na danna.

Ƙarar ba ta fi ta karya tsinke ba, amma ta ji. Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi, ta kira Auta. Kafin su kai ƙofa ruwa ya sauko, na tura kyamarar cikin riga na ruga baranda, inda Gwaggo take jirana da sauran faɗanta.

Aikin bai yi ba. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, aka kwance bandeji, aka jira, aka sake jira. Abin da ya rage mata shi ne ta bambance dare da rana. Na daɗe ban taɓa fim ɗin ba. Da na samu zuciya, na toshe tagar banɗaki da barguna wata ranar Asabar da hantsi, na wanke shi da kaina. Abin da na yi tsammani shi na samu. Hoton toka-toka ne, babu baƙi na gaske a ko'ina, wani farin haske ya taso daga kafaɗarta ya cinye rabin fuskar. Ɗan kunnen ya fito da kaifi. Idanun kuwa wasu duhu biyu ne masu laushi, ba za ka ce ga inda suke kallo ba. Na zauna a bakin baho na yi kukan da ban yi a asibiti ba. Na fara shakkar abin da na gani a gilashin ma, ko ta gan ni, ko dai ni ne na so haka har na ƙirƙira wa kaina.

Na kai hoton gidan wata Juma'a bayan masallaci. Hajiya tana zaune a falo da baƙin tabarau, Auta tana yanke mata farce. Na gaishe ta, ta amsa wa bango. Na miƙa wa Auta hoton, ta duba, ta dube ni. Hajiya ta ji motsin takarda ta tambayi Auta ko hoton ne, ya yi kyau kuwa. Na ce rana ta shiga, bai fito sosai ba. Ta gyaɗa kai, ta ce dama an faɗa. Ta miƙa wa Auta ɗaya hannun, aka ci gaba da yankan farce. Har na fara shirin tashi sai ta yi magana, da muryar da take ba da saƙon cefane.

"Ki ce wa wancan ya rage sa abu a ransa. Tsakiyar kan nan duk furfura ce, ban san ta kai haka ba." Ta ɗan tsaya. "Kuma masu cewa da dangin Alhaji yake kama ba su duba da kyau ba. Goshin mahaifina ne da shi, har kunnuwan."

Auta ta juyo za ta maimaita mini kamar yadda ta saba tun tana yarinya. Na ce ta bar shi, na ji.